"A Ina Ka Samo Wannan?": Ɗaliban Yamai da Farautar Madogara a Rumbunan Intanet

Duk wanda ya tsallaka gadar Kennedy zuwa Harobanda a makonnin da ɗalibai ke shirin kare kundinsu, zai gane lokacin ya zo tun kafin a gaya masa. Rumfunan fotokofi sun cika maƙil, masu ɗaure takardu ba su da sararin ɗaga kai, kowa da ƴar kilensa ta USB a hannu. A ƙarƙashin itatuwa, ɗalibai biyu-biyu uku-uku sun duƙufa kan kwamfuta ɗaya, wani yana ba ta intanet daga salularsa, idonsa na kan megan da ke zurarewa.

Daga nan sai ofishin malami. Ɗalibi ya miƙa babin da ya hana shi barci, malam ya buɗe, ya kai shafi na biyu, ya dangwala jan biro a kan wata ƙididdiga: "A ina ka samo wannan?" Amsar da malaman jami'a suka gaji da ji ita ce: "A intanet, Malam."

Wa ya rubuta? A wace shekara? Wa ya duba kafin a buga? Sai shiru. Galibi ɗalibin bai yi niyyar ha'inci ba. Ya ma sha wahala, ya ƙona kuɗin abincinsa wajen sayen mega. Abin da ya rasa shi ne mai nuna masa cewa akwai rumbunan ilimi da aka tace, cewa da yawansu kyauta ne ga ɗan Nijar, kuma shigarsu tana da dabara.

Daga ƙishirwa zuwa ambaliya

Jami'ar Yamai ta soma ne a 1971 a matsayin cibiyar karatu mai zurfi da ɗalibai ƙalilan, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. A 1992 aka sa mata sunan Abdou Moumouni Dioffo, masanin makamashin hasken rana da ya taɓa shugabantar ta. Yau ɗalibanta dubun-dubata ne. An buɗe jami'o'i a Maraɗi, Damagaram da Tawa a 2010, wasu huɗu suka biyo baya a 2014, ga kuma makarantu masu zaman kansu da suka cika babban birnin.

Tsarin LMD, wato lisansi, masta da dakta, ya ƙara yawan masu rubuta kundi. Kowane ɗan masta sai ya fitar da memuwar, ya tsaya gaban alƙalai ya kare ta.

Waɗanda suka yi karatu a shekarun 1980 da 1990 sun san wata wahalar dabam. Littafi ɗaya tal ne a laburare, aji guda na layi a kansa. Sai a jira wani mai tafiya Dakar ko Paris ya yo tsarabar fotokofi, ko a je ɗakin karatun cibiyar al'adun da daga baya aka sa wa sunan Jean Rouch, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Moustapha Alassane. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, littafin da ake shigowa da shi daga waje ya ninka kuɗi a dare ɗaya.

Salula ta juya lamarin. Yanzu takardun PDF na yawo a zaurukan WhatsApp na kowane aji. Shafuka irin su Scribd da Memoire Online cike suke da rubuce-rubucen da masu su suka ɗora da kansu. A ciki akwai aikin kirki, akwai shirme, kuma a fuskar salula duk kamanninsu ɗaya ne.

Abin da ya bambanta rumbu da Google

Rumbun bayanan laburare taska ce da ake zaɓar abin da za a zuba mata. Kowace maƙala a ciki tana da sunan marubuci, da cibiyar da yake aiki, da mujallar da ta buga ta, da shekara, da lambar shafi, da taƙaitaccen bayani. Ana iya cewa a kawo na shekaru biyar da suka wuce kaɗai, ko na Faransanci kaɗai, ko na fannin lafiya kaɗai.

Babban abin shi ne tantancewar masana. Kafin mujallar kirki ta buga maƙala, edita kan aika ta ga masana biyu ko uku na fannin, su binciki yadda aka tara bayanai, su duba lissafi, su ce a gyara ko a yi watsi da ita. Aikin kan ɗauki watanni. Yana da nasa naƙasun, kamar yadda za mu gani, amma ya fi a ce babu wanda ya duba.

Google Scholar, da aka buɗe a 2004, yana tsakiya ne. Yana da amfani ƙwarai, musamman wajen nuna waɗanda suka ambaci wata maƙala bayan fitowarta. Sai dai inji ne ke kwaso masa kaya, ba ya bambance mujallar gaske da ta ƴan damfara.

Ƙofofin da aka riga aka buɗe

Ɗalibi kan ci karo da maƙalar da yake so, ya karanta taƙaitawarta, ya danna, sai a nemi dalar Amurka 30 zuwa 40. Wajen jika 20 ke nan na sefa, kusan rabin mafi ƙarancin albashi a Nijar, wanda aka ɗaga zuwa sefa 42,000 a farkon 2024. Nan yawanci ake juyawa a koma wa PDF ɗin WhatsApp.

Alhali tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙulla yarjejeniya da manyan kamfanonin ɗab'i, ta kafa HINARI domin likitoci da masu bincike na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Hukumar abinci ta FAO ta biyo da AGORA a 2003 don fannin noma. OARE na muhalli ya zo a 2006, ARDI na fasaha a 2009, GOALI na shari'a a 2018. Duka biyar ɗin suna ƙarƙashin inuwa ɗaya da ake kira Research4Life, da mujallu dubbai da littattafai masu ɗimbin yawa.

Nijar tana rukunin ƙasashen da ba sa biyan ko dala. Jami'a, asibitin koyarwa, cibiyar bincike ko ma'aikatar gwamnati za ta yi rajista, a ba ta suna da kalmar sirri, mai kula da laburare ya ba malamai da ɗalibanta. JSTOR, inda ake samun tsofaffin fitowar mujallu irin su Journal of African History, shi ma ya yafe wa cibiyoyin ilimi na Afirka kuɗin shiga a 2006.

Wasu rumbunan ko rajista ba sa nema. PubMed, na babban laburaren likitanci na Amurka, yana da bayanin maƙaloli sama da miliyan 35. Persée yana ba da tsofaffin mujallun Faransa kyauta, har da Journal des africanistes da Cahiers d'études africaines, inda aka yi rubutu mai yawa kan Adar, Arewa da Damagaram. Akwai OpenEdition, akwai HAL inda masu bincike ke ajiye kwafin aikinsu, akwai Cairn wanda wani ɓangarensa kyauta ne, wani na kuɗi. AJOL, da ke Afirka ta Kudu, ya tattara ɗaruruwan mujallun da ake bugawa a nahiyar nan.

Ga mai bincike kan Nijar, rumbu biyu sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko shi ne Horizon, na cibiyar IRD ta Faransa wadda a da ake kira ORSTOM. Shekaru da dama masu bincikenta suna auna ruwan kogin Kwara, suna nazarin ƙasa, gero da kasuwanci, kuma akasarin rahotannin an ɗauki hotonsu an ɗora. Littafin Emmanuel Grégoire na 1986 kan Alhazan Maraɗi ORSTOM ce ta buga shi.

Na biyu a cikin Yamai yake. LASDEL, cibiyar nazarin zamantakewa da aka kafa a 2001, wadda Jean-Pierre Olivier de Sardan na cikin waɗanda suka assasa ta, tana sakin jerin rahotanninta na Études et Travaux kyauta a shafinta. Sun haura 100, kan asibitoci, ƙananan hukumomi, ruwan sha, cin hanci da yunwar 2005. Ɗalibin da ke rubutu kan yadda ake karɓar mata a ɗakin haihuwa, bai leƙa nan ba, ya bar gini tun ran zane.

To me ya hana a shiga?

Kowane ɓangare da nasa kukan, kuma kowa da gaskiyarsa.

Ɗalibai sukan fara da wuta da intanet. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, wadda ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a maido ba sai Maris na 2024. Ko a lokacin lafiya, watannin Afrilu da Mayu na zafi sun saba zuwa da ɗauke kuran. Neman maƙala kuwa aiki ne na zama, a buɗe wannan a rufe wancan, ba abin da za a yi a tsaye da salula mai sauran caji kaɗan ba.

Sai harshe. Mafi yawan mujallun kimiyya da likitanci da Ingilishi ake buga su, ɗalibin Nijar kuwa da Faransanci ya tashi. Kundin tsarin mulkin riƙon ƙwarya na Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya sa Ingilishi kusa da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Kafin wannan ya sauko aji, ɗalibin likitanci na buƙatar Ingilishin karatu tun yau.

Malamai na cewa mutum ɗaya na duba kundi da yawa fiye da ƙima, ga aji mai ɗaruruwan ɗalibai, ga shekarun karatu da yajin aiki ke hargitsawa. Darasin dabarun bincike kan zo a makare, ɗalibi ya riga ya zaɓi batu ya fara kwafa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu kula da laburare su ne ba a cika jin muryarsu ba. A ƙasashe da dama na Afirka an lura da abu ɗaya: cibiya ta yi rajista da Research4Life, wanda ya karɓi kalmar sirri ya sauya wurin aiki ko ya yi ritaya, waɗanda suka biyo baya ba su ma san da zancen ba. Aikin laburare sana'a ce da ake karanta ta, makarantar EBAD ta Dakar ta daɗe tana yaye ƙwararrunta ga ƙasashe masu amfani da Faransanci. Amma a idon jama'a mai laburare mai gadin littattafai ne kawai. A ganina nan ne babban giɓin yake. Wuta da intanet na cin maƙudan kuɗi, zaman awa biyu da ɗaliban shekarar farko a gaban allo kuwa ba ya cin komai sai niyya.

Akwai kuma masu sukar tsarin kansa, suna cewa kyautar da mai ita zai iya janyewa ba abin dogaro ba ce. Suna tuna farkon 2011, lokacin da wasu kamfanoni suka cire mujallu kusan 2,500 daga HINARI a Bangaladash, sai da aka yi ca a kansu kafin su maido. Su burinsu ilimi ya zama a buɗe ga kowa, kamar yadda sanarwar Budapest ta 2002 da shawarar UNESCO ta 2021 suka nema.

Sanin abin da za a rubuta a akwatin nema

Samun kalmar sirri rabin aiki ne. Ɗan Nijar yana da wata matsala da ɗan Senegal ko ɗan Mali ba shi da ita. Ya rubuta Niger a akwatin nema, sai a jibgo masa maƙaloli kan Najeriya, da yankin Neja Delta, da jihar Neja, da kogin Kwara tun daga Gini. A PubMed abin ya fi haka, domin akwai wani nau'in funfuna da masana ke kira Aspergillus niger, an yi dubban rubuce-rubuce a kansa.

Rumbuna na fahimtar wasu ƴan kalmomi uku na haɗi: AND, OR da NOT. Da NOT ana iya korar Aspergillus. Amma wanda ya yi gaggawar korar Nigeria zai rasa ayyukan da suka haɗa ƙasashen biyu, irin littafin William Miles na 1994, Hausaland Divided, wanda ya kwatanta ƙauyuka biyu na Hausawa da iyaka ta raba. Abin da ya fi shi ne a haɗa da sunayen garuruwa, a rubuta Niamey OR Maradi OR Zinder OR Tahoua.

Rubutun sunaye ma tarko ne. Bafaranshe na rubuta haoussa, Bature na Ingila na rubuta Hausa. Akwai Peul da Fulani, Djerma da Zarma, Touareg da Tuareg. Wanda ya nemi ɗaya kaɗai ya zubar da rabin abin da aka rubuta.

Ɗauki ɗalibar aikin gona da ke son rubutu kan gawo a gonakin Maraɗi. Sunansa na kimiyya a yau Faidherbia albida ne, amma tsofaffin ayyuka Acacia albida suke kiransa, dole ta haɗa biyun da OR. Dabarar barin tsiron itatuwa a gona, wadda manoma ke ce wa sassabin zamani, tana da suna dabam a Faransanci, RNA a taƙaice, da wani a Ingilishi, FMNR. Da waɗannan za ta iske ayyukan Tony Rinaudo, Chris Reij, Mahamane Larwanou da Tougiani Abasse, ta ga inda aka samo ƙiyasin nan da ake yawan ambata, na hekta wajen miliyan 5 da suka sake yin kore a kudancin Nijar. Za ta kuma ga cewa da hotunan sama da na tauraron ɗan'adam aka yi ƙiyasin, ta san iyakar abin da zai iya tabbatarwa.

Shekara ma hujja ce. Tun da masani Lapeyssonnie ya zana yankin sanƙarau na Afirka a 1963, nau'in A na ƙwayar cutar ne ya fi kisa. Allurar MenAfriVac da aka fara a Nijar a 2010 ta karya lagonsa. Sai ga shi a 2015 nau'in C ya ɓarke, ya kama mutane sama da 8,000, ya kashe fiye da 500, har aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki. Ɗalibin likitanci da ya dogara ga maƙalar 2005 zai kawo magana ingantacciya a zamaninta, amma ta tsufa. Haka wanda zai ce ƴan Nijar miliyan 17 ne: adadin ƙidayar 2012 ne, ƙiyasin yau ya haura miliyan 25, kuma hukumar ƙididdiga ta INS na nan a Yamai da shafinta.

Wata dabarar tsohuwa ce, tun kafin kwamfuta. In aka sami maƙala ɗaya mai kyau, a bi jerin manazartarta a koma baya, sannan a duba waɗanda suka ambace ta a zo gaba. Manhajar Zotero, wadda kyauta ce, na adana kowace madogara da cikakken bayaninta, ta tsara jerin da kanta a ƙarshe.

Kura da fatar akuya

Hukumar CAMES, wadda shugabannin ƙasashe suka amince da kafa ta a wani taro a nan Yamai a Janairun 1968, kuma hedikwatarta ke Wagadugu, ita ke duba takardun malaman jami'a kafin ƙarin girma. Ba a hawa mataki sai da maƙalolin da aka buga. Inda ake da matsin bugawa, nan ƴan damfara ke kafa tarko.

Saƙon imel zai shigo da yabo da kirari, daga wata mujalla mai dogon suna mai ɗauke da kalmar International, ana alƙawarin bugawa cikin mako guda in an biya. Ba edita na gaske, ba tantancewa. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tara sunayen irin waɗannan kafin ya rufe jerinsa a Janairun 2017. A 2019 wata kotun Amurka ta ci kamfanin OMICS na Indiya tarar dala miliyan 50 kan yaudarar marubuta.

A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya ƙirƙiro maƙalar bogi kan maganin cutar kansa, ya cika ta da kurakuran da kowane masani zai gani, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Abin da ke sosa rai shi ne sunayen marubuta da na cibiyoyin da ya ƙago na Afirka ne. Wannan na nuna irin kallon da ake yi mana, kuma duk maƙalar banza da ta fito da sunan wata jami'armu tana ƙara wa wannan kallon ƙarfi.

Sai dai a yi hattara da wuce gona da iri. An soki jerin Beall da cewa yana saurin zargin mujallun ƙasashe matalauta. Mujallar da malamai ke fitarwa da guminsu a Yamai, Zariya ko Wagadugu, shafinta na intanet ba shi da ado, fitowarta na jinkiri, tana iya fin wata mai ƙyalli tsanani wajen tantancewa. Abin dubawa shi ne su wane ne editocinta, ana iya samunsu a jami'o'in da aka ambata, tana cikin AJOL ko jerin mujallu na DOAJ, ta bayyana yadda take tantancewa da abin da take karɓa.

Manyan mujallu ma na tuntuɓe. A Mayun 2020, ana tsakiyar muhawarar kulorokin da korona, mujallar The Lancet ta buga binciken da ya ce ya tattara bayanan majinyata wajen 96,000 ta hannun kamfanin Surgisphere. Hukumar Lafiya ta Duniya har ta dakatar da gwajinta na maganin. Cikin abin da ya tada shakku akwai alƙaluman Afirka, waɗanda masana suka ce sun fi ƙarfin abin da asibitocin nahiyar ke iya tarawa ta kwamfuta a lokacin. Cikin mako biyu aka janye maƙalar. A PubMed za ka gan ta da tambarin janyewa. Kwafin da ya riga ya shiga salular mutane kuwa yana nan yadda yake, ba alamar komai. Wannan ma na cikin illar Sci-Hub, shafin raba maƙaloli ba da izini ba da wata ƴar Kazakistan ta buɗe a 2011, wanda ɗalibai ke raɗa wa juna sunansa: ban da hukuncin da kotuna suka yanke a kansa, takarda kawai yake miƙo maka. Rubuta wa marubucin wasiƙa a nemi kwafi hanya ce halattacciya, kuma da yawansu na murnar aikowa.

Sabon baƙon shi ne ƙirƙirarriyar basira. ChatGPT da ire-irensa na iya tsara jerin manazarta mai kyan gani, da sunan masani na gaske, da mujalla ta gaske, amma maƙalar ba a taɓa rubuta ta ba. A 2023 wani alƙali a New York ya ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 don sun gabatar da hukunce-hukuncen da injin ya ƙaga. Gwajin mai sauƙi ne. Akasarin maƙalolin zamani na da lambar DOI, mai farawa da 10. A saka ta a doi.org, in ba ta kai ka ga maƙalar ba, a nemi taken a rumbu. In nan ma babu, a goge.

Mun san wannan aikin tun da

Tambayar jan biron nan ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san ba a karɓar magana sai da isnadi: wa ya ji daga wa, mai gaskiya ne, mai kiyayewa ne, sun ma yi zamani ɗaya? Da haka ake raba ingantacce da mai rauni da ƙagagge.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Nijar ta yau a 1754, ya rubuta silsilar malaman da ya karɓi ilimi ta hannunsu, ciki har da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ƙanensa Abdullahi ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukhi, don lissafa shehunan da ya yi karatu wurinsu. Ɗalibin da ba zai yarda da hadisi marar isnadi ba, bai kamata ya yarda da ƙididdiga marar marubuci ba. Malamin dabarun bincike da ya fara darasinsa daga nan zai iske rabin ajin sun riga sun fahimta.

Abin da babu shi a kowane rumbu

Akwai ilimin Nijar mai yawa da JSTOR da PubMed ba su san da shi ba. A cibiyar IRSH, wadda tushenta ke komawa ga reshen cibiyar bincike ta IFAN na 1944, sashen rubuce-rubucen Larabci da Ajami na riƙe da littattafan hannu wajen 4,000, waɗanda Boubou Hama ya fara tarawa. Gidauniyar Al-Furqan ta Landan ta buga jerin sunayensu. CELHTO, cibiyar Tarayyar Afirka da aka kafa a Yamai a 1968, na ajiye da muryoyin maroƙa da dattawa da aka naɗa. Ga ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, ga takardun mulkin mallaka da ke Dakar da Aix-en-Provence, ga bayanan ruwan sama na cibiyar AGRHYMET tun 1974. Mai nazarin harshe da adabin Hausa kuwa sai ya dangana da kundayen Zariya, Kano da Sakkwato. Waɗannan duka sai an taka, an gaida mai kula da su, an zauna.

Mafi ciwo su ne kundayen ɗalibanmu. Fiye da shekara 50 ana rubuta su: likitoci kan cizon sauro da tamowa a asibitocinmu, masana ƙasa kan ambaliyar unguwannin bakin kogi, masana tarihi kan masarautu. Galibinsu kwafi biyu ko uku ne a kan kanta. Ɗalibin Tawa bai san an yi batunsa a Yamai shekara goma da suka wuce ba, sai ya sake shi daga farko. Baƙon mai bincike kuma ya zo ya rubuta nasa da Ingilishi, shi ake ambata a duniya.

CAMES ta buɗe rumbunta, DICAMES, domin jami'o'in ƙasashenta su riƙa zuba kundaye da maƙaloli kyauta. Amma rumbu sai da mai zubawa, kuma akwai masu ɗari-ɗari. Wasu na tsoron a sace aikin ɗalibi kafin ya fitar da maƙala daga ciki. Wasu, ko da ba su faɗa a fili ba, na tsoron a ga raunin wasu kundayen da aka ba su maki mai kyau.

Tsoro na biyu ni a wurina dalili ne na ɗorawa, domin ɗalibi da malamin da suka san duniya za ta karanta za su ƙara kula. Na farko kuma an daɗe da samo masa magani. Kundin da ke kan intanet da suna da kwanan wata ya fi wuyar sata, don manhajar gano kwafe na iya cin karo da shi, na kan kanta kuwa sai a ɗauke shi a sauya bango ba wanda ya sani. Ga wanda ke son lokaci ya buga maƙalarsa, rumbuna na ba da damar a nuna take da taƙaitawa, a kulle cikakken rubutun na shekara ɗaya ko biyu. Haka ake yi a theses.fr na Faransa, inda tun 2016 doka ta wajabta wa kowane ɗan dakta ya ajiye kwafin kwamfuta na kundinsa.